Yadda Ake Gyara Bakin Ciyawar Gida da Injin Lantarki Ba Tare da An Ji Ciwo Ba

Tun da damina ta sauka, tambayar da masu gidaje da masu aikin lambu suka fi yi mini ita ce ta injin nan mai gyara bakin ciyawa. Wani ya saya bai san ta inda zai fara ba. Wani an aiko masa da shi daga ƙasar waje, yana jonawa ya ji ƙauri. Wani kuma maigidansa ne ya miƙa masa, ya ce gobe yana so ya ga gefen intalok ya fita ras. Amsar ba ta yiwuwa a layi biyu, shi ya sa na zauna na jera ta daki-daki.

Injin yankan ciyawa tsawo kawai yake ragewa. Wannan kuwa aikinsa fitar da iyaka tsakanin ciyawa da daɓe, ko intalok, ko wurin furanni, kamar dai gyaran fuska bayan aski. Yankan kansa ba wuya, cikin 'yan mintoci an gama. Rauni da asara daga wuta suke zuwa, da waya, da abin da ke kwance a ƙarƙashin ciyawar. Saboda haka kada ka yi mamaki idan ka ga matakan shiri sun fi na yankan tsawo.

1. San irin injin da ke hannunka

Iri biyu ne ake kira da suna ɗaya, alhali ba ɗaya suke ba.

Na farko mai wuƙar ƙarfe ne. Wuƙar a tsaye take juyawa, tana tsaga ƙasa ta bar siririn rami a gefen daɓe. Tsawonta yawanci inci 7.5 zuwa 8, wato wajen santimita 19 zuwa 20, kuma a irin masu jonawa da waya tana juyawa fiye da sau 4,000 a minti guda. Yana da taya ɗaya ko uku, da murfin da ke rufe saman wuƙar, da wani ɗan ƙarfe da ke bin gefen siminti don layi ya miƙe. Black+Decker da Worx suna da irin wannan mai waya. Ryobi, Greenworks da EGO suna da na batir.

Na biyu mai zaren roba ne. Asalinsa na share ciyawar da babban inji bai kai gare ta ba, amma ana juya kansa ya koma tsaye ya gyara baki. Shi ya fi yawa a shagunan kayan aiki na Kano, Kaduna da Abuja. Ba shi da nauyi, ba ya cin wuta sosai, amma ba ya iya tsaga ƙasa mai tauri. Idan ciyawarka ta riga ta hau kan daɓe ta kafa saiwa, mai wuƙa kake buƙata, ko kuma ka fara fitar da layin da shebur, daga baya ka riƙa bi da mai zare.

Yawancin bayanin da ke tafe na mai wuƙa ne, domin shi ne mai haɗari. Mai zare yana da nasa mataki a ƙasa.

2. Tabbatar wutarka ta dace da shi

Kafin ka taɓa soket, juya injin ka karanta ɗan rubutun da ke manne a jikinsa. Wutar Najeriya da Nijar bolt 220 zuwa 230 ce. Ta Amurka da Kanada bolt 120 ce, kuma mafi yawan injinan masu wuƙa da waya don kasuwar can ake ƙera su. Idan ka ga an rubuta 120V, ka jona shi kai-tsaye, nan take zai ƙone. Sauya kan fulogi ba ya sauya komai. Abin da yake buƙata taransifoma ce mai rage wuta, kuma ba ƙarama ba: injin da aka rubuta masa amfiya 12 a bolt 120 yana cin wat 1,440, don haka nemi taransifomar da ta kai wat 2,000 ko ma 3,000, saboda fizgar da yake yi lokacin tashi. Wanda aka ƙera don Ingila, Turai ko Ostareliya kuwa ya dace da wutarmu, iyaka dai a sauya masa fulogi.

Na batir ma bai tsira ba. Cajar ce abin dubawa. Idan an rubuta 100–240V, babu damuwa. Idan 120V kaɗai aka rubuta, ita ma sai da taransifoma, ko da yake ƙarama ta wadatar.

Sai batun janareto. Ƙaramin nan da ake haɗa masa fetur da baƙin mai bai kai wat 1,000 ba, ba zai ɗauki mai wuƙa ba. Za ka ji yana shaƙewa, ƙarshe ɗaya daga cikinsu ya lalace. Nemi wanda ya kai wat 2,500, kuma a kashe firji da famfon ruwa har ka gama. Inbata ta gida ma haka: in ƙarama ce, bar ta da fitilu da fanka.

Gargaɗi: idan wutar ta zo da rauni, ka ga ƙwai ya yi ja, fanka tana jan jiki, kada ka kunna. Raunin wuta yana sa injin ya yi zafi yana nishi a cikin ƙasa, kuma haka ake ƙona shi sannu a hankali ba a sani ba.

Abu na ƙarshe a nan, kuma shi ne wanda zai iya ceton rai: ka jona ta hanyar na'urar da ake kira RCD, wadda masu gyaran wuta a nan suka fi sani da ELCB, mai 30mA. Aikinta ta datse wuta cikin ƙiftawar ido da zarar ta fara bi ta jikin mutum ko ta ƙasa. Birekar da ke cikin akwatin wutar gida ba ta wannan aikin, ita waya take karewa daga nauyi, ba mutum ba. Akwai ƙaramar RCD da ake cusawa a soket sannan a jona waya a jikinta. Tana da maɓallin gwaji. Danna shi kafin kowane aiki ka ga ta datse.

3. Zaɓi wayar ƙari, ka shimfiɗa ta daidai

Wayar da ke jikin injin gajeriya ce, dole sai da ƙari. A nan ne mutane suka fi yin araha, kuma a nan ta fi cutarwa. Farar ekstenshan ɗin nan ta cajin waya da talabijin ba ta wannan aikin ba ce.

Nemi waya mai baƙar ko jar roba mai kauri, wadda aka yi don aikin waje. Idan nisan bai wuce mita 25 zuwa 30 ba, mai kaurin 1.5mm² ta isa. Ya wuce haka, ɗauki 2.5mm². Ka sa mai shago ya fere bakinta ka gani, domin akwai wadda ciki alminiyam ne aka shafa masa launin jan ƙarfe. In ka kankare ta da wuƙa za ka ga fari. Irin wannan tana zafi, tana kuma rage ƙarfin da ke isa ga injin. Launi mai ɗaukar ido, kamar ja ko ruwan lemo, ya fi, don ka riƙa ganin ta a cikin ciyawa.

Idan a kan gargare take naɗe, warware ta duka ko da ba ka buƙatar tsawon. Wayar da ke naɗe tana tara zafi har robar ta narke. Bi ta da hannu tun kafin ka jona, ka duba inda ɓera ya ci ko inda ta tsage. Wayar da aka yi wa ɗauri da salatif ba ta da wuri a kan ciyawa mai laima. A yanke wurin a sa mahaɗi na kirki, ko a sauya ta.

Yawancin injinan suna da ɗan ƙugiya kusa da mariƙi. Lanƙwasa wayar ka rataya ta a nan, don kada fulogi ya riƙa zarewa in ka ja. Wurin da wayoyi biyu suka haɗu kuma, ɗora shi a kan bulo ko katako, kada ya kwanta a ƙasa.

Ka fara aiki daga kusa da soket kana nisa da shi. Ta haka wayar kullum tana bayanka. Wanda ya fara daga can nesa yana dawowa, wayarsa yake tunkara da wuƙa.

4. Bi layin da ƙafa kafin ka bi shi da inji

Wannan matakin shi ake tsallakewa, kuma a ganina ya fi duk sauran muhimmanci a gidajenmu.

Dalili shi ne yadda ake binne abubuwa a nan. Mai aikin wuta da zai kai waya ga fitilar tsakar gida ko ta bakin get, sau da yawa gefen intalok yake bi, ya tona ɗan abin da bai kai tafin hannu ba ya rufe. Haka mai famfo da bututun roba na ban ruwa, haka mai haɗa kyamara ko dish. Wato daidai inda wuƙarka za ta bi. Tambayi wanda ya san gidan. In babu, tsaya ka duba: ga fitila can, ga inda wuta ta fito, ta ina wayar za ta bi? Inda kake shakka, tona da ƙaramar fartanya a hankali ka gani. Duk inda ka samu waya ko bututu, kafa tsinke ko ka zuba toka a matsayin alama, ka tsallake wurin, daga baya ka gyara shi da almakashi.

Bayan haka ɗauki manjagara ka bi layin. Tsakuwa, guntun bulo, ƙusa, murfin kwalba, fasasshen tayil, igiyar shanya da ta faɗi, duk a kwashe. Sabon gida ya fi muni, domin magina sukan bar tarkace a rufe da ƙasa a dasa ciyawa a kai. Tsakuwar da wuƙa ta ɗauka tana iya fasa gilashin mota ko na taga, balle ido.

Manjagarar tana da wani amfanin. Da damina, ciyawar da ta yi duhu a gefen katanga ko bakin kwata maɓoyar kunama ce da maciji. Kada hannunka ya riga ƙarfe shiga wurin.

Matsar da mota. Rufe tagogin da ke kallon wurin. Yara, kaji, awaki da mage su yi nisan aƙalla mita 15, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne, domin ƙarar injin ita ke kiran yara. Sa wani babba ya tsare su, ko ka bari sai sun tafi makaranta.

Sai yanayin ƙasa. Mai ɗan danshi ake so, ba jiƙaƙƙiya ba, ba kuma busasshiya ƙayau ba. Da rani jar ƙasa takan yi tauri har wuƙa ta riƙa tsalle a kanta. Ba ta ruwa da yamma, ka yi aikin washegari da hantsi bayan raɓa ta bushe. Da damina kuwa jira ciyawa ta sha iska. Kada ka yi aiki da mai waya ana yayyafi ko ruwa na kwance, kuma da ka ga hadari ya haɗu ana walƙiya, naɗe kayanka. Idan ciyawar na buƙatar yanka, fara yanke ta, gyaran baki ya biyo baya.

5. Sutura

Babbar riga, jallabiya, zani mai jan ƙasa, dogon hijabi, gyale, duk a ajiye su. Abin da ke lilo yana iya shiga wuƙa. Dogon wando mai kauri da riga daidai jiki, in mace ce ta ɗaure komai tamau.

Silifas ba takalmin wannan aiki ba ne. Sa rufaffen takalmi mai tauri, in da hali irin mai ƙarfe a baki na ma'aikatan gini. Tabarau na kariya mai rufe gefe wajibi ne. Na rana ko na karatu ba ya tare abin da ya zo ta kusurwa, yana ma iya fashewa. Safar hannu mai kama mariƙi, abin toshe kunne idan aikin zai ɗau lokaci, da takunkumi lokacin hunturu saboda ƙura.

6. Duba injin, ka saita zurfi

Duk abin da ke cikin wannan mataki ana yin sa ne injin ba ya jone, in na batir ne an zare batirin.

Girgiza wuƙar da hannu mai safa. Kada ta yi lilo. Duba ko ta tsage, ta lanƙwashe, ko ta cinye. Wasu wuƙaƙen suna da ɗan rami ko layi na alama. In cin ya kai nan, lokacin sauyawa ya yi. Tabbatar murfin yana nan daram. Akwai masu cire shi wai yana tara laka yana rage sauri. Wanda ya cire murfi ya buɗe wa tsakuwa hanya zuwa fuskarsa.

Daidaita tsawon sandar yadda za ka tsaya a miƙe ba tare da sunkuyo ba.

Zurfi yawanci hawa uku ne, daga wajen santimita 2.5 zuwa 4. Sa shi a mafi ƙanƙanta. Ko da ciyawar ta yi shekara ba a taɓa ta ba, da mafi ƙanƙanta za ka fara, ka sake bi ka ƙara. Mai son ya gama a bi ɗaya shi ne injinsa ke shaƙewa, layinsa kuma ya fito a karkace.

7. Yankan

Tsaya a kan daɓe ko intalok, ba a kan ciyawa ba, in wurin ya ba da dama. Taya ta hau kan abu mai tauri, wuƙa ta daidaita da tsagin da ke tsakanin siminti da ciyawa, ɗan ƙarfen jagora ya jingina da gefen simintin.

Danna mariƙi ƙasa kaɗan yadda wuƙar za ta ɗaga daga ƙasa. Riƙe da hannu biyu. Danna maɓallin kariya, sannan makunni. Jira daƙiƙa biyu ko uku ta kai cikakken gudunta, sannan ka sauke ta cikin ƙasa a hankali. Kada ka taɓa kunna shi wuƙa na cikin ƙasa. Zai yi tsalle, ko ya fizge ka.

Yi mita ɗaya ka tsaya. Duba ta ina yake watso ƙasa, domin ba duka injina ke watsawa gefe guda ba. Gyara tsayuwarka yadda ba ka kan hanyar, taga ma ba ta kai. Duba zurfin da layin. In sun yi, ci gaba.

Tafiyar a hankali ce, ƙasa da tafiyar yau da kullum. Ba tura shi ake yi da ƙarfi ba, raka shi ake yi. Kunnenka ne zai gaya maka gaskiya: in ƙarar ta yi ƙasa tana nishi, ka yi sauri ko ka yi zurfi, ja baya kaɗan ta dawo da gudunta. In ka ji ƙarar ƙarfe a kan siminti ko ka ga tartsatsi, wuƙar na gogar daɓe, matsar da ita kaɗan wajen ciyawa. Gogar nan tana cinye wuƙa, tana ɓantare bakin intalok, kuma da hunturu, lokacin da ciyawa ta bushe, tartsatsi ɗaya ya isa ya ta da wuta.

Idonka ya kasance ɗan gaba da wuƙar, wajen taku ɗaya, ba a kanta ba. Mai kallon wuƙa kaɗai ba ya fitar da miƙaƙƙen layi.

Gargaɗi: makunnin an yi shi ne ya mutu da zarar ka saki. Kada ka ɗaure shi da roba ko salatif don hannunka ya huta. Ka yi tunanin an ɗauke wuta, ka ajiye injin ka shiga shan ruwa, aka dawo da ita makunni na ɗaure, yaro na kusa. In an ɗauke wuta, zare fulogi kafin ka matsa ko'ina.

Bayan ka saki makunni wuƙar tana ci gaba da juyawa na ɗan lokaci. Jira ta tsaya cak kafin ka ɗaga injin, ko ka juya, ko ka tsallaka hanya da shi.

8. Wuraren da ke da wuyar sha'ani

Kwana mai kusurwa: yanka har ƙarshe, saki makunni, jira, juya injin, ka fara sabon layi. Kada ka murɗa shi wuƙa na cikin ƙasa.

Lanƙwasa: rage tafiya, ka riƙa juyawa da ƙafafunka, ba da hannu kaɗai ba.

Intalok yana buƙatar kulawa ta musamman. A kan yashi ake jera shi, abin da ke riƙe layin ƙarshe kuwa ɗan siminti ne ko dogon dutsen gefe. Inda babu dutsen gefe, in ka riƙa zurfafa rami a jikinsa kowane mako, ruwan damina zai wanke yashin, tubalan gefe su fara zamewa. A irin wannan wuri tsaya a mafi ƙarancin zurfi, kuma kada ramin ya yi faɗi.

Sabon layi inda babu siminti, kamar kewayen wurin furanni: in miƙaƙƙe kake so, kafa turaku biyu ka ja igiya, ka zuba toka ko farar ƙasa a bin ta, sannan ka cire igiyar kafin ka kunna. In mai lanƙwasa ne, shimfiɗa tiyo ka gyara shi har siffar ta yi maka, ka bi gefensa da toka, ka ɗauke shi. Yawancin injina ana iya ɗage ƙarfen jagoransu don wannan aikin. Dogon katako a ƙarƙashin taya yana taimakawa a ƙasa mai laushi.

Bishiya: mangwaro da darbejiya suna da saiwoyi a sama-sama. Wuƙa in ta ci karo da babbar saiwa tsalle take yi, in kuma ta yanke ta an cuci bishiyar. Bar tazara, ka ƙarasa da hannu.

Nau'in ciyawa ma yana da tasiri. Kiri-kiri tana yaɗo ta sama, tana kuma bi ta ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa za ka yanke ta yau ka gan ta ta ɓullo a tsakanin intalok bayan kwana kaɗan. Wuƙa tana datse na sama da na kusa. Wanda ya riga ya tsallaka sai an tumɓuke shi da hannu.

9. Idan mai zare ne

Juya kan har zaren ya koma juyawa a tsaye, murfin yana tsakaninka da shi. In yana da 'yar taya, ɗora ta a kan daɓe. Bakin zaren kawai ke yanka, don haka kada ka cusa kan cikin ƙasa. Zaren zai yi ta tsinkewa a banza. Sa kaurin da aka rubuta wa injin, galibi milimita 1.6 ko 2 a ƙananan na lantarki. Mai kauri fiye da haka yana wahalar da shi.

Kada ka maye gurbin zaren da wayar ƙarfe ko wayar birkin babur. Ana yi, na sani, wai ta fi daɗewa. Guntunta in ya ɓalle, a ƙafa ko ido yake sauka. Zaren da ya bushe yana karyewa saboda zafi kuwa, jiƙa shi a ruwa ya kwana, zai yi laushi.

10. Idan wani abu ya faru

Wuƙa ta cije ko ciyawa ta naɗe ta: saki makunni, zare fulogi ko batir, sannan ka cire da tsinke. Sakin makunni kaɗai bai isa ka kai hannu wurin ba.

Ka daki dutse ko ƙarfe, injin ya fara karkarwa: tsaya. Wuƙar ta lanƙwashe ko notin ya kwance. Kada ka ci gaba da ita, kada kuma ka miƙe ta da guduma.

Ka yanke wayar: kada ka taɓa ko wane ɓangare. Je ka kashe daga soket ka zare.

Wutar lantarki ta kama wani: kada ka riƙe shi. Kashe daga soket ko babban makunnin gida. In ba ka isa can ba, ture wayar da busasshen katako kana tsaye a busasshen wuri. A kai shi asibiti ko da ya ce ya warware, domin wuta na iya taɓa bugun zuciya. Lambar gaggawa a Najeriya 112 ce.

Yanka: danne da tsumma mai tsabta, ɗaga wurin sama, a tafi asibiti. Raunin da ƙarfe mai ƙasa ya yi yana buƙatar a duba batun allurar tetanus. Ba a zuba masa ƙasa, fetur ko man birki.

11. Shara da ajiya

Share ƙasar da ta watsu a kan daɓe kafin ta bushe ta manne. Guntayen kiri-kiri kuwa kwashe su gaba ɗaya, in ka share su cikin furanni za su kama.

Zare wuta, kankare lakar cikin murfi da katako, goge wuƙar ka shafa mata ɗan mai saboda tsatsa. Kada ka wanke injin da tiyo. Ramukan shan iskar da ke jikinsa, bi su da busasshen burushi, musamman da hunturu. In suka toshe, zafi ba ya fita. Naɗe waya ka rataye ta inda ɓera ba ya kaiwa. Injin ya kwana a ɗaki mai kulle, ba a baranda ba.

Batir ba ya son zafinmu. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da Kano, Sakkwato da Yamai ke haura digiri 40, kada ka bar shi a rana, ko a but ɗin mota, ko a shagon kwano. In ka gama aiki bar shi ya huce kafin caji, kuma kada a bar shi a caji a kwanta barci. In zai daɗe ba a yi amfani da shi ba, ajiye shi da kusan rabin caji. Wanda ya kumbura ko ya fara wari, a fitar da shi daga gida.

12. Sauya wuƙa, da inda kuɗi ke tafiya

Wutar da yake sha ba ita ce matsala ba. Inji mai wat 1,400 in ya yi rabin awa yana aiki, bai cinye yunit ɗaya ba, 0.7 ne. Ko a layin Band A, wato na masu samun wuta mafi yawa a Najeriya, da aka ɗaga kuɗinsa ya haura naira 200 kan kowane yunit a 2024, wannan ba wani abu ba ne. Kuɗin yana tafiya ne a wayar ƙari ta kirki, da RCD, da taransifoma in injin na Amurka ne, sai wuƙa ko zare da ke ƙarewa. A na batir kuwa, batir da caja sukan kai kuɗin injin kansa, wani lokaci su wuce. Saboda haka in ka ga an karya farashi, tambaya ko da batir a ciki. In kana da wasu kayan aiki na kamfani ɗaya masu bolt ɗaya, sau da yawa batirinsu na shiga juna.

Kafin ka biya, ko a kasuwa ne ko ta intanet, tambayi mai sayarwa ko yana da wuƙar canji, ka sayi biyu tare da injin. Injina da yawa suna jingine a gareji lafiyarsu ƙalau, wuƙa ce kawai aka rasa. Kuma kada rashin ta ya sa ka kai wa mai walda ya yanko maka daga guntun ƙarfe. Abin da ke juyawa sau dubbai a minti, in gefe ɗaya ya fi ɗaya nauyi ko kaɗan, zai cinye boris, in kuma ƙarfen ya karye ba ka san inda zai nufa ba.

Wajen sauyawa: zare wuta, sa safar hannu, cusa guntun katako ya tare wuƙar kada ta juya, sannan ka kwance notin da sifana. A wasu injinan notin baibai yake kwancewa, don haka in ya ƙi, duba kibiyar da ke jikinsa ko takardar injin kafin ka sa ƙarfi. Lura da yadda wasoshin suke a jere, ɗauki hotonsu da wayarka, ka mayar da su yadda ka same su. Ɗaure tamau, juya wuƙar da hannu ka tabbatar ba ta taɓa murfi, sannan ka kunna shi a sama na 'yan daƙiƙu ka ji ko yana karkarwa.

Da damina bi layin duk mako ɗaya ko biyu, da rani sau ɗaya a wata ya wadatar in ana ban ruwa. Bi na farko ne mai cin wuƙa da lokaci, domin shi ke tsaga sabuwar ƙasa. Na bayansa cikin tsohon ramin wuƙar ke bi, kuma a mafi ƙarancin zurfi ake yin su.